Kada ku kashe kuɗi a sabuwar ƙwallon golf lokacin rani

'Yan uwa masu zuwa filin golf na Rayfield a Jos, ku ajiye sababbin ƙwallayenku sai damina.

Da rani ku sayi na hannu wajen yaran da ke ɗaukar jaka. Sun fi araha nesa ba kusa ba.

Ƙasar ta bushe ƙamas, ga tsakuwa. Kafin ku gama rami tara, sabuwar ƙwallo ta kwarzane. Kuma a irin wannan ƙasa gangarawa ke kai ƙwallo nesa, don haka ku buga ta ƙasa-ƙasa.

Amma ku duba da kyau. Wadda ta tsage ko ta daɗe cikin ruwa, ku bar ta, ba ta tafiya daidai.

Ranar gasa kuwa, ku fito da sabuwa.