Kafin ka zuba bulo: lissafin tankin manyan tarwada

Jama'a, masu shirin gina tanki, ku yi lissafi da nauyin da kifin zai kai ranar sayarwa, ba girmansa ranar da aka zuba shi ba. Nan ake yawan tafka kuskure.

Auna cikin tankin: tsawo sau faɗi sau zurfin ruwa, duka a ma'aunin mita, sai ka ninka da 1,000, ka samu lita. Tanki mai mita 3 da mita 2, ruwa mita 1, lita 6,000 ke nan. Zurfin ruwan fa ake nufi, ba tsayin bango ba. Bango ya ɗara ruwa da santimita 30, don tarwada tana tsalle.

In babu injin hura iska cikin ruwa kuma ruwan ba gudana yake ba, kada ka wuce kilo 50 a lita 1,000. Wato wannan tankin kifi 300 masu kilo ɗaya-ɗaya zai ɗauka, masu kilo biyu kuwa 150. In ka cusa, ruwa ya yi wari, su daina cin abinci, manya su riƙa cizon ƙanana.

Faɗi ya fi zurfi amfani. Ruwa ƙasa da santimita 80 yana saurin ɗaukar zafi a bazara, fiye da mita ɗaya da rabi kuwa ɓarnar ruwa ce kawai.

Lita 6,000 tan shida ne, don haka a sa bulo inci 9, a cika ramukan bulon da kankare, a kafa rodi a kusurwoyi. Daɓen ya gangara zuwa fayif inci 3, don kashin kifi ya fita da kansa.