Yadda ake farautar barewa a unguwannin bayan gari a jihar Bajiniya ta Amurka

Duk wanda ya zauna a arewacin Bajiniya, wajajen Fairfax da Loudoun, ya san barewa a nan ba abin kallo ba ce, kana fitowa sallar asuba ka tarar da su biyar-shida suna cinye maka tumatirin da ka sha wahalar shukawa, ga karo da motoci musamman a Nuwamba lokacin barbararsu. Barewa dai nake ce mata don ba ni da wani suna, amma ta fi tamu girma, namijin ƙahonsa rassa-rassa ne. Hukuma da kanta tana so a rage su, sai dai fa in ka tashi yi irin na gida, ka rataya adaka ka faɗa daji da karnuka, wallahi 'yan sanda za su riga ka dawowa gida.

Fara da takarda. Hukumar kula da namun daji ta jihar, DWR, ita ke ba da lasisi, kuma sabon shiga sai ya yi kwas ɗin koyon farauta tukuna, ana yi ta intanet. Lasisin ba ɗaya ba ne, akwai na farauta gaba ɗaya, akwai na barewa da talotalo wanda tikitin kamu ke ciki (shaidar da ake cikewa kan kowace dabbar da ka harbe), sannan na kwari da baka. Duka a manhajar Go Outdoors Virginia ake saye.

Bindiga kuwa ka manta da ita a cikin unguwa, kwari da baka ake yi. Akwai zango na musamman na harbin baka a birane, a Satumba da kuma daga Janairu zuwa ƙarshen Maris, kuma marar ƙaho kaɗai ake harbi, don mata ne ke haihuwa ai. Ba kowane gari ne ya shiga tsarin ba, wanda ya shiga ma yana da nasa sharuɗɗan kan faɗin fili da nisa da titi, to karanta na garinku kar ka ɗauki na abokinka.

Nan ne aikin yake, neman fili. Ka samu mai gida da ke da 'yan itatuwa a bayansa wanda barewa ta ishe shi, ka karɓi izininsa a rubuce ka sa a aljihu. Kuma kar ka tsaya kansa shi kaɗai, bi maƙwabta ka gaisa tun kafin ranar, domin barewar da kibiya ta soka ba nan take faɗuwa ba, sai ta yi gudu. Tawa ta farko tsallake shinge ta yi ta je ta kwanta gindin lilon yaran wata dattijuwa, haka na tsaya ƙofarta da sassafe ina rantse-rantse, ita ko tana riƙe da waya a hannu. Ba ka da ikon shiga filin wani ɗauko kamunka sai ya yarda.

Harbin daga saman itace ake yi, kan wata 'yar kujerar ƙarfe da ake ɗaurawa, saboda in ka kuskure kibiyar ta nutse a ƙasa. Ɗaure kanka da bel. Kar ka wuce yadi ashirin, ka auna bayan kafaɗa. Lokaci daga rabin awa kafin fitowar rana ne zuwa rabin awa bayan faɗuwarta, kuma zuba masara ko gishiri don jawo su haramun ne a Bajiniya, tara ce. Ran Lahadi kar a gan ka kana farauta cikin yadi 200 da wurin ibada.

Mu musulmi bisimilla kafin sakin kibiya, in ka tarar da sauran rai a yanka.

Kafin ka ja ta daga wurin ka cike tikitinka, sannan ka kai rahoto ta manhaja ko waya a ranar. Ka rufe ta da tamfol in za ka fita, kayan ciki kuma a leda, kar ka bar wa mai gida. Sayar da naman laifi ne, in ya yi maka yawa akwai ƙungiyar Hunters for the Hungry masu raba wa mabuƙata. Naman ba kitse, shi ya sa kilishinsa ya fi balangunsa daɗi nesa ba kusa ba. Da ka isa gida kuma ka tuɓe ka duba jikinka sosai, kaskar da ke jikin barewar ƙanana ce kamar ƙwayar riɗi, ita ke kawo cutar Lyme.