Yadda Ake Fito da Tsohuwar Manhajar Babbar Kwamfuta ga Masu Sha'awarta

Duk wanda yake riƙe da tsofaffin faya-fayan tef na manyan kwamfutocin IBM, irin waɗanda bankuna da jami'o'i suka yi aiki da su, kuma yake son masu sha'awar tarihin kwamfuta su amfana da abin da ke ciki, zai fara ne da takardu kafin ya taɓa inji. Kamfani ya daina kula da manhajarsa ba ya nufin ya yafe haƙƙin mallakarta. Dalilin da ya sa MVS 3.8j da VM/370, wato tsofaffin manhajojin da ke tafiyar da manyan kwamfutocin IBM, suke yawo a hannun jama'a shi ne IBM ya rarraba su ba tare da alamar haƙƙin mallaka ba, a lokacin da dokar Amurka take buƙatar wannan alama, kuma sai a 1989 aka janye sharaɗin. Waɗanda suka biyo bayansu, kamar MVS/XA da z/OS, suna ƙarƙashin lasisi, komai tsufansu.

Saboda haka, a duba layukan farko na asalin rubutun manhajar da littattafan da suka zo da ita. Idan an ga sunan mai ita, sai a bi sawu a gano wanda ya gaji haƙƙin, domin da yawa daga kamfanonin wancan zamani an sayar da su fiye da sau ɗaya. Wannan mataki ne ya fi cin lokaci, kuma a ganina a nan ne mutane suka fi karaya. A rubuta wa mai haƙƙin takarda gajera, a roƙi abu ƙayyadadde: izinin amfani don koyo da nishaɗi ba don kasuwanci ba, tare da bayyana cewa ba a neman gyara ko tallafi daga wurinsa, kuma ba zai ɗauki alhakin komai ba. Irin wannan roƙo yakan samu shiga. Kamfanin Bull ya saki asalin rubutun Multics, wata tsohuwar manhajar tafiyar da babbar kwamfuta, ta hannun jami'ar MIT, IBM kuma ya amince wa gidan tarihin kwamfuta da ke Mountain View a Amurka ya fitar da na APL\360, wani harshen rubuta manhaja, a 2012.

Bayan izini sai karanta tef ɗin. Tef mai layi tara da ya shekara arba'in a ajiye yakan sha laima ya yi danƙo, ta yadda zai iya manne wa kan injin ya saluɓe a juyin farko. Masu gwaninta sukan gasa shi a zafi kaɗan, kimanin digiri 50 a ma'aunin Celsius, na tsawon sa'o'i kafin su ɗora shi, kuma gara a miƙa musu wannan aiki, tunda wata sa'a karatu ɗaya kawai tef ɗin zai jure. A kwafe shi dungurungum zuwa fayil mai tsarin AWS, wanda ke adana tsawon kowane yanki da alamomin da ke raba fayiloli. Kada a juya rubutun daga EBCDIC, tsarin haruffan manyan kwamfutocin IBM, zuwa ASCII na sauran kwamfutoci a wannan mataki, domin juyin yana lalata fayilolin da ba na rubutu ba. A ɗauki hoton takardar da ke manne a jikin faifan, a kuma tabbatar babu bayanan abokan hulɗa ko na ma'aikata da suka cakuɗu a ciki.

Gwaji kuwa a kan Hercules ake yin sa, wato manhajar da Roger Bowler ya fara a 1999, wadda ke sa kwamfutar gida ta kwaikwayi babbar kwamfutar IBM System/370 da magadanta. A ɗauko shiryayyen MVS 3.8j kamar TK4- ko TK5, a shiga ta x3270, manhajar da ke kwaikwayon allon aiki na babbar kwamfuta, a girka manhajar tun daga tushe, ana rubuta kowane umarnin JCL (harshen ba MVS aiki) da aka tura da kuma kuskuren da ya fito.

Ƙananan kayan aikin MVS sukan tafi taskar manhajojin kyauta ta CBT Tape, wadda ta faro a 1975, littattafai kuma a kai su Bitsavers, taskar intanet ta tsofaffin takardun kwamfuta. Kowane ƙunshi ya tafi da kwafin tef ɗin na asali, da bayanin girkawa, da takardar izinin.