Shawara ga mai yawon tsakiyar babban birni

'Yan uwa, wanda ya sauka babban birni da yini ɗaya kacal a hannu, ya ajiye mota ya taka da ƙafa. A tasi cunkoso kawai za ka sha.

Fara da sassafe daga babban dandali ko tsohuwar tashar jirgin ƙasa, galibi nan tsofaffin gine-gine suke. Ka riƙa ɗaga kai. Ƙasa duk shaguna ne iri ɗaya, amma a hawa na biyu za ka ga sassaƙa da baranda, wani lokaci har shekarar ginin a rubuce saman ƙofa.

In rana ta take, faɗa gidan tarihi. Duba ranar hutunsu tukuna: da yawa ba sa buɗewa ran Litinin, Louvre na Paris kuwa Talata yake rufewa. Wasu kyauta ne, kamar Gidan Tarihin Birtaniya a Landan. Ɗaki biyu ko uku sun isa, ƙafa ma tana da haƙƙi.

Sauke taswira a Google Maps tun a masauki, waya kuma a aljihun gaba. Hawa dogon bene don hangen gari, bari sai dab da faɗuwar rana, amma yanki tikiti da wuri.