Yadda Ake Tuƙa Keke Lafiya a Turbar da Mutane da Namun Daji Ke Bi

Keke yana da sauri, kuma ba ya ƙara. Wannan ne daɗinsa a cikin daji, nan ne kuma haɗarinsa yake. Mai tafiya a ƙasa, tun daga nesa dabba ke jin takunsa ko ta sansano shi, ta kauce tun bai iso ba. Mai babur, ƙarar injinsa ke yi masa iso. Mai keke kuwa sai dai kawai a gan shi. Dattijon da ke dogara sanda, da yaron da ya sunkuya yana tsintar wani abu, da dokin da ke tafe da mahayinsa, da barewar da ke kiwo a bayan kwana, duk ba su da labari sai ya zo gab da su. Matakan nan a kan abu biyu suka tsaya: ka bar wa kanka lokacin tsayawa, ka kuma bai wa na gabanka lokacin sanin kana tafe.

Mataki na 1: Duba keken tun kana gida

Ka matse birkin gaba ka tura keken, ka matse na baya ka sake turawa. In hannun birkin ya taɓo hannun keke kafin ya kama, a gyara shi kafin a fita. Ka taɓa tayoyin ka ji iskarsu, ka tabbata ƙafafun a ɗaure suke tamau, sarƙa kuma da mai. Ka ɗaura ƙararrawa, ka riƙe fitila, famfo, kayan faci, ruwan sha da ɗan ƙunshin kayan taimakon gaggawa.

Hular kwano ta zauna daidai a ka, gabanta kamar faɗin yatsa biyu a saman gira, ba a ture ta ƙeya ba. Igiyar haɓa kada ta bar wurin da ya wuce yatsa ɗaya ko biyu. Hular da ta taɓa shan bugu mai ƙarfi ta gama aikinta ko da ba a ga tsaga ba, domin kumfar cikinta sau ɗaya take shanye bugu.

Mataki na 2: San turbar da lokacinta

Allon da ke bakin turba ba ado ba ne, ka tsaya ka karanta. Shi zai gaya maka ko an yarda keke ya bi, ko turbar hanya ɗaya ce, ko an rufe wani sashe. In an rufe, da dalili: wata dabba ta haihu a wurin, ko tsuntsaye na kwanci, ko an ga mushe wanda dabbar da ke cinsa ke gadi a kusa. Inda akwai ma'aikatan gandun daji, ka tambaye su abin da aka gani kwanan nan. Su ne suka san halin dabbobin wurin, kuma maganarsu ta fi duk abin da za ka karanta a intanet, har da wannan rubutun.

Yawancin namun daji da sassafe da kuma gab da faɗuwar rana suke fitowa, daidai lokacin da idon mutum ba ya gani sosai. In da hali ka kauce wa waɗannan lokutan. Ka gaya wa wani inda za ka da lokacin da za ka dawo, domin wurare da yawa waya ba ta kamawa. Tafiyar mutum biyu ko uku ta fi ta mutum ɗaya.

Mataki na 3: Daidaita gudunka da abin da idonka ke gani

A nan ne na fi so mai karatu ya dakata, domin duk sauran matakan ba su da amfani in aka yi sakaci da wannan. Ƙa'idar ita ce kada ka yi gudun da ba za ka iya tsayawa ba a cikin tazarar da kake hange. In kana ganin mita hamsin a gabanka, ka saki jiki. In kwana ko doguwar ciyawa ta rage maka gani zuwa mita biyar, to gudunka ya koma na wanda zai iya tsayawa a mita biyar.

Ga lissafin. Mai gudun kilomita 25 a sa'a yana cin kusan mita 7 a kowace daƙiƙa. Tsakanin ganin abu da matse birki, daƙiƙa guda takan wuce, wani lokaci har fiye. Ke nan ka ci mita 7 tun birki bai fara aiki ba. A gudun kilomita 15 kuwa, mita 4 da 'yan kai ne. Sannan in ka ninka gudu sau biyu, tazarar da birki ke buƙata sau huɗu take ninkuwa, ba sau biyu ba. A kan tsakuwa, yashi ko jiƙaƙƙen ganye, abin ya fi haka.

A watan Yunin 2016, wani jami'in hukumar kula da dazuzzuka ta Amurka, mutumin da ya san daji ya kuma ƙware a keke, yana tafe a wata turba kusa da gandun dajin Glacier a jihar Montana, ya sha kwana ya yi karo da beyar, wata ƙatuwar dabbar daji mai gashi da manyan farata, ta kashe shi. Kwamitin da ya binciki lamarin ya kiyasta gudunsa tsakanin mil 20 zuwa 25 a sa'a, wato kilomita 32 zuwa 40, a wurin da ba a hango gaba sosai. Ba rashin sani ne ya ci shi ba. Lokaci ne bai ishe shi ba, bai kuma ishi dabbar ba.

Ka rage gudu kafin kwana, ba a tsakiyarta ba. Yatsa ɗaya ko biyu su zauna a kan hannun birki koyaushe. Birkin gaba ne ya fi ƙarfin tsayar da keke, amma in ka finciko shi lokaci guda zai wurga ka ta gaba. Ka matsa su biyun a hankali, ka ja jikinka baya, ka sauke duga-duganka. Jan tayar baya tana karta ƙasa ba gwaninta ba ce, ɓata turba ne da tsorata jama'a. Idonka kuma ya riƙa kallon can gaba, ba gindin taya ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Mataki na 4: Ka ji, a kuma ji ka

Ka cire abin sauraron waƙa daga kunne. Karyewar reshe, hucin dabba, haushin kare, kukan yaro, duk gargaɗi ne da kunne ke kamawa kafin ido. Kafin kowace kwanar da ba ka ganin bayanta, ka kaɗa ƙararrawa ko ka ɗaga murya. Kusa da rafi mai ƙara, ko lokacin da iska ke bugun fuskarka, dabbar da ke gaba ba ta jin motsinka ba ta kuma sansano ka, don haka nan ne za ka ƙara ɗaga murya. Muryar mutum ta fi ƙaramar ƙararrawa kaiwa nesa, kuma dabbobi sun fi gane ta.

Mataki na 5: Yadda ake wuce mutane

Ƙungiyar IMBA ta masu hawan keken tsauni, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana koyar da tsari mai sauƙi: mai keke ke bai wa mai tafiya a ƙasa da mai doki hanya, kuma mai gangarowa ke bai wa mai hawa tudu hanya, sai dai in allon turbar ya faɗi wani abu daban. Dalilin a bayyane yake, wanda ya fi gudu shi ya fi iya cutarwa, kuma mai hawa tudu in ya tsaya da wuya ya sake tashi.

In za ka wuce wani ta baya, ka sanar tun da sauran tazara, ka rage gudu zuwa kusan tafiyar ƙafa, ka jira ka ga ya ji. Kada ka kaɗa ƙararrawa kana bayan kunnensa, domin mutumin da ya firgita yakan yi tsalle ne ta inda ba a zata ba, sau da yawa gabanka. Ka tuna wani kurma ne, wani makaho, wani kuma kunnensa a toshe da waƙa. In bai juyo ba, ka ɗauka bai ji ba. In kuna da yawa, na gaba ya faɗi mutum nawa ke biye. Ka yi gaisuwa, ka yi godiya. Yadda ka wuce mutum yau shi ke sa gobe a yi maraba da masu keke a turbar ko a nemi a hana su.

Yara ƙanana ba a yi musu lissafi, in ka gan su ka shirya tsayawa cak. Mai kare kuma, ka nemi igiyar da idonka, wata doguwa ce siririya da ta gitta turbar. Karen da ya biyo ka, tsayawa ta fi tsere: ka sauka, ka sa keken tsakaninku, ka yi masa magana da kakkausar murya.

Doki yana buƙatar kulawa ta daban. Dabba ce da halittarta ta gudu ce daga masu farauta, kuma ba ta ganin abin da ke daidai bayanta. Abu mai sauri marar sauti da ya ɓullo ta baya, a wurinta maharbi ne. Ka tsaya, ka yi wa mahayin magana don dokin ya gane mutum ne, ka tambayi yadda za ka wuce. A kan gangare ka tsaya ta gefen ƙasa, kada ka tsaya sama da shi ko ka laɓe a bayan itace. Dokokin hanya na Birtaniya da aka sabunta a 2022 sun ce direba ya wuce doki da gudun da bai kai mil 10 a sa'a ba, ya kuma bar tazarar aƙalla mita 2. Ma'auni ne mai kyau ga mai keke a ko'ina. Garken shanu ma haka, a hankali, kuma kada ka raba saniya da ɗan maraƙinta.

Mataki na 6: In ka yi kiciɓis da naman daji

Ka tsaya tun daga nesa. A gandun dajin Yellowstone na Amurka doka ta ce a bar yadi 100, kimanin mita 91, tsakanin mutum da beyar ko kerkeci, da yadi 25, kimanin mita 23, ga sauran dabbobi irin su ɓaunar Amurka. Ga wata dabara ta awo: ka miƙe hannunka, ka rufe ido ɗaya, ka ɗaga babban yatsa. In yatsan bai rufe dabbar gaba ɗaya ba, ka yi kusa da yawa. In dabbar ta daina kiwo ta ɗago kai, ko tana huci, tana karta ƙasa, tana kaɗa kai, ta gaya maka ka matsa.

Kada ka ce za ka tsere a kan keke. Beyar da ɓaunar Amurka suna kai wajen kilomita 55 a sa'a, kuma gudu yana tayar wa masu farauta sha'awar bi. Ka sauka, keken ya zama tsakaninka da dabbar, ka ja da baya a hankali kana fuskantarta, kana magana cikin natsuwa. Ka bar mata hanyar fita. Kada ka shiga tsakanin uwa da 'ya'yanta, ko tsakanin dorina da ruwa. In dabbar ta ƙi tashi daga turbar, kai ne za ka jira ko ka juya, gidanta ne. A yankunan da ake da beyar, feshin barkonon da ake yi dominta a jikinka zai kasance inda hannu zai kai, ba a kan keke ba, domin in ka faɗi kai da keken rabuwa za ku yi.

Ba masu cizo kaɗai ne abin tsoro ba. A 2011 wani kanki ya yi tsalle ya banke wani matashi a tsakiyar gasar keke a lardin KwaZulu-Natal na Afirka ta Kudu, har hular kwanonsa ta fashe. Barewa da danginta a garke suke tafiya, in ɗaya ta gitta ka sa ran wata na biye. Kada kuma ka ciyar da kowace dabba, ko ka bar ragowar abinci a turba. Dabbar da ta saba karɓa daga hannun mutum takan daina tsoronsa, ƙarshenta kuma sau da yawa harbi ne.

Maciji yakan kwanta a kan turba yana shan ɗumi. Ka tsaya nesa ka bar shi ya wuce, kada ka tsokane shi da sanda. In ka gan shi a makare ba halin tsayawa, ka ɗaga ƙafafunka ka wuce a miƙe.

Mataki na 7: In abin ya riga ya faru

In ka buge mutum, ka tsaya. Ka duba shi, ka kira agaji, ka tsayar da masu tahowa kada su ƙara. Wanda ya bugu a kai, wuya ko baya, kada a ɗaga shi sai in wurin da yake akwai wani haɗarin.

Saran maciji: ka matsa daga inda macijin yake, a cire zobe da agogo kafin wurin ya kumbura, a hana gaɓar motsi, a garzaya asibitin da ke da maganin dafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kada a ɗaure gaɓar tamau, kada a tsaga, kada a tsotse. Wanda aka sara bai kamata ya ci gaba da taka feda ba in akwai mai ɗaukarsa.

Cizo ko yaƙushin kare, biri ko jemage: a wanke da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, sannan a je asibiti a ranar saboda ciwon haukan kare, wanda da zarar alamunsa sun bayyana kusan ba a tashi. Duk wata arangama da naman daji, ko ba a ji rauni ba, a sanar da ma'aikatan gandun dajin domin su gargaɗi masu zuwa. Da ka dawo gida ka duba bayan gwiwa, hammata, matsematsi da cikin gashi ko kaska ta maƙale. In ka same ta, ka kama ta da hantsaki dab da fata ka zare ta a miƙe, ka wanke wurin, in kuma zazzaɓi ko ƙuraje suka biyo baya ka ga likita.