Kurakuran da ake yi wajen karanta labarin Funes na Borges

Gajeren labarin marubuci Jorge Luis Borges mai suna "Funes el memorioso" ya fara fitowa a jaridar La Nación ta Buenos Aires a 1942, daga baya ya shiga littafin Ficciones a 1944. 'Yan shafuka ne kawai, amma ana yawan yi masa gurguwar fahimta.

Babban kuskure shi ne a ɗauki Ireneo Funes, jarumin labarin, a matsayin haziƙin da za a yi wa sha'awa. Gaskiya ne tun da doki ya kayar da shi jikinsa ya shanye, bai ƙara manta komai ba, har Latin ya koya daga littattafan aro cikin 'yan kwanaki. To amma me baiwar ta tsinana masa? In zai tuno rana guda, sai ya ci yini cur. Ya ƙirƙiro tsarin ƙirga wanda kowace lamba ke da sunanta na daban, har ya haura 24,000, aikin da bai amfani kowa ba. Yana jin haushi a ce karen da ya gani ta gefe da ƙarfe 3:14 da wanda ya gani ta gaba da 3:15 sunansu ɗaya. Shi kansa mai ba da labarin yana zargin Funes bai iya tunani sosai ba, domin mai tunani dole ya yi watsi da ƙananan bambance-bambance kafin ya haɗa abubuwa wuri guda. Gyaran shi ne, duk misalin da ka iske, tambayi kanka me baiwar ta hana Funes yi.

Kada kuma a kwatanta shi da mahaddaci. Alaramma shi ya zaɓi abin da zai haddace, yana tsare shi da tilawa. Funes ba shi da zaɓi, komai ya gani ya zauna.

Da yawa suna tsallake batun barci, alhali Borges da bakinsa ya ce labarin doguwar kinaya ce ta rashin barci. Sake karanta hirar daren da mai ba da labarin ya yi da Funes a ɗaki mai duhu da wannan a ranka, za ka ga ta sauya.

Sai ƙananan kurakurai. Borges ɗan Ajantina ne, amma Funes mutumin Fray Bentos ne a Yurugwai, kuma a labarin ya mutu a 1889. Ba a ɗauko shi daga littafin masanin ƙwaƙwalwa Alexander Luria kan Solomon Shereshevsky, wani mutum na gaske mai tsananin ƙarfin tuna abubuwa, ba, domin wancan sai a 1968 ya fito.