Kwamfuta ta cika? Dakata kafin ka goge

Na gaji da jin labari ɗaya a shagona na Beirut Road: layin C, wato babban diskin kwamfuta, ya yi ja alamar ya cika, mai kwamfuta ya shiga share-share, yanzu ko dai ta ƙi tashi ko aikinsa ya yi layar zana.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne na OneDrive, ma'ajiyar fayiloli ta Microsoft a intanet. Mutum ya ga fayilolinsa suna can a intanet, sai ya ce ai an ajiye, ya goge na kwamfuta. Malam, madubi ne: ka goge nan, ya goge can. Haka yaron shagona ya yi wa wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe, ya share foldar furojet ɗinta wai yana nema mata wuri. Kwandon sharar OneDrive na asusun kai kwana 30 yake riƙe abu, ita kuwa ba ta lura ba sai bayan hutu. Muka sa Recuva, manhajar ceto abin da aka goge, ko shafi bai dawo ba, domin kwamfutar diski samfurin SSD gare ta, shi kuma da an goge abu yake share gurbinsa. Daga aljihuna aka biya mai taifin ya sake buga babi huɗu daga tsohon firintin, kuma har yau ba ta sake tako shagon ba. Alhali da ya danna Free up space na OneDrive, da kwafin kwamfutar kaɗai zai tafi.

Sai masu shiga foldar Windows. Don Allah me ya kai ka System32? Ka ga foldar WinSxS ta yi ƙiba, ka ga fayil ɗin pagefile.sys ya ci giga huɗu, sai hannunka ya fara ƙaiƙayi. Ba kai ka ajiye su ba, kayan aikin Windows ne, ka bar Disk Cleanup, mai sharar da ke cikin Windows, ya yi aikinsa.

Windows.old kuwa, inda tsohon Windows ke zama bayan an sabunta, ka goge shi ka rufe ƙofar komawa tsohon Windows, wadda dama kwana 10 take a buɗe. Manhaja cire ta ake yi da Uninstall, ba a goge foldarta a Program Files. Abin da ka goge a filash ba ya biyawa ta kwandon shara.

Ni dai ba na goge komai sai na kwafe shi a diskin waje, na buɗe shi daga can na gani da idona, sannan na bari Juma'a ta wuce. In kuwa aikin gama ya gama, kashe kwamfutar nan take, kar ka sauke manhajar ceto a kan diskin da abin ya ɓata.